Jami'ar Abdu Mumuni ko ta Tawa: ina za a tura yara bayan bak?

Ɗan Adar, Tawa

Assalamu alaikum. Ƴan uwa da suka san harkar jami'a, shawara nike biɗa. Yara biyu ne a gidanmu suka samu bak, jarrabawar gama lise, bana. Ɗan yayana, seri D ta kimiyya, likitanci yake so, in bai samu ba aikin noma. Ɗiyata kuma seri A4 ta adabi, ita shari'a ta sa gaba. Dukansu sun ɗora rai bisa Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai. Mu manya kuwa kanmu ya rabu biyu. Wasu na cewa babbar jami'a ita ce jami'a, can manyan malamai suke. Wasu na cewa taro ya yi yawa, yaro ɓacewa yake yi a ciki, lisans ta shekara 3 sai ta koma 5. Ga kuma Jami'ar Jibo Hamani ta Tawa nan ƙofar gida, ba kuɗin mota ba na haya.

Abin da nike son sani: mi babbar jami'a ke ba yaro wanda ƙarama ba ta da shi? Ina ake faɗuwa, kuma don mi? Kwana da abinci fa, musamman ga ɗiya mace? Allah ya saka da alheri.

Mushen Lise, Yamai

Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya sa albarka a karatun yara. Kada a haɗa su a shawara guda, don fanninsu ba ɗaya ba ne.

Na fara da yaron. Likitanci babu shi a Tawa, ko Yamai ko Maraɗi ko Damagaram za shi. Cikin ukun, abin da Yamai ta fi su ba aji ba ne, asibitoci ne. Ɗalibin likita tun daga shekarun tsakiya rabin ranarsa a gefen gadon marar lafiya take ƙarewa, kuma nan akwai babban asibitin ƙasa, akwai na Lamorde wanda ake kira Amiru Bubakar Jallo yanzu, maƙwabcin tsangayar ne ma, akwai gidan haihuwa na Isaka Gazobi. Ciwon da ya gagari jihohi nan ake kawo shi, don haka idon ɗalibi yana ganin abin da a wani wuri sai a littafi. Amma a sani karatu ne na shekara 7 zuwa 8 in komi ya tafi daidai, kuma ba duk mai D ake ɗauka ba. Makin lissafi, fizik da shimi da ilimin halittu na bak ake dubawa. Yaron da ya haye da ƙyar a zagaye na biyu, gara ya ɗauki noma zaɓi na gaske, ba na rarrashi ba.

Noman ma Yamai na da abin da take taƙama da shi: cibiyar AGRHYMET tana nan gefen jami'ar, INRAN na cikin gari, tashar ICRISAT ta Sadore tana bisa hanyar Sayi. Cibiyoyin binciken noma ne, wuraren istaj, wato koyon aiki, ke nan, kuma malaman tsangayar da yawa suna aiki tare da su, ta hannunsu ɗalibi ke samun shiga.

Tsufan jami'ar shi ne jarinta. An kafa ta 1971 a matsayin cibiyar karatu mai zurfi, ta zama jami'a 1973, aka sa mata sunan Farfesa Abdu Mumuni Jofo a 1992, masanin hasken rana da ya taɓa shugabantar ta. Na Tawa, Maraɗi da Damagaram sai 2010 suka zama jami'o'i, na Agadas, Difa, Doso da Tilaberi kuma 2014. Malami ba ya zama farfesa dare ɗaya, sai ya hau matakan CAMES, hukumar Afirka mai tantance malamai da diplomomin jami'a, ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa manyan masu daraja suka fi taruwa a Yamai, kuma sau da yawa su ne ake gayyata jihohi su ba da kur na sati ɗaya ko biyu su komo. Wanda ke da niyyar mastar da dokta, zama kusa da su riba ce. Ga kuma yawan fannoni: kimiyya, adabi, lafiya, noma, tattalin arziki, shari'a da siyasa, da makarantar horar da malamai. Yaron da ya gane ya yi kuskuren zaɓi yana iya neman canjin fanni ba tare da ya canza gari ba.

Tsarin karatun shi ne LMD. Lisans shekara 3, zango 6, kowane zango kiredi 30, jimla 180. Mastar shekara 2, kiredi 120. Darussa a dunƙule suke rukuni-rukuni, kowane rukuni sai an samu 10 bisa 20 ake ba da kiredinsa. Wanda bai samu ba yana da jarrabawar ratirapaj, wato zama na biyu.

Takardu, a fara haɗa su tun yau: takardar haihuwa, takardar zama ɗan ƙasa wadda ake karɓa a jastis, releve na makin bak, shaidar samun bak, hotuna. A yi kofi aƙalla biyar-biyar, a kai meri a buga musu hatimi, don dosiye uku za a buɗe daban-daban: na jami'a, na bursu a ANAB, na ɗaki da abinci a CROU. Kowane da ranar rufewarsa. Kuskuren da ya fi wahalar da mutane shi ne bambancin rubutun suna, a takardar haihuwa Mahamadou, a releve Mahamane, ko ranar haihuwa ta sha bamban. A gyara shi kafin rajista. In aka bari ya shiga kundin jami'a, ranar karɓar diplom zai fito, gyaran kuma sai an koma kotu.

Hajiyar Harobanda

Alhaji barka da arziki. Mushe ya faɗi na aji, ni bari in faɗi na ciki da na kwana, don nan ne yaran jihohi suka fi karyewa.

Jami'ar tana ƙetaren kogi, Harobanda, da ka sauka gadar Kenedi. Ɗakunan site, wato gidan kwanan ɗalibai, ba su kai yawan ɗalibai ba ko kusa, don haka kada a taso yaro daga Tawa da zaton ɗaki na jiran shi. Ɗakin da aka yi don mutum biyu sai ka iske an ninka, wasu bisa katifa a ƙasa, lokacin zafi kuwa waje ake kwana. Sabon ɗalibi yawanci wajen ɗan garinsu yake raɓawa, shi ya sa ƙungiyoyin ɗaliban jiha da na gunduma ke da amfani. A nemi lambar shugabannin na yankinku kafin a hau mota, su ke tarbar sababbi, su nuna musu inda ake ajiye dosiye da inda ake sayen tikitin resto.

Hanyoyin kwana uku ne. Site: ita ta fi araha, ga ruwa ga kuran, ga aji kusa, amma ba sirri, ba shiru, kuma in rikici ya tashi aka rufe ta, yaro na iya wayar gari da jakarsa a titi. An sha yi. Gidan dangi: ya fi kwanciyar rai ga ɗiya mace, amma a duba nisa. Gidan da ke Talaje ko Aeropor ko Kwara Kano, kur na ƙarfe 8 yana nufin fita tun bayan asuba, faba-faba ko taksi hawa biyu, ga cunkoson gada. A lissafa kuɗin mota na kwana 22 a wata kafin a ce gidan kawu kyauta ne. Sannan a yi magana da matar gidan a fili tun farko: ɗaliba ce aka kawo, ba mai aiki ba. Yarinyar da ke tuƙa tuwon mutum goma sha biyar kullum ba ta bitar darasi. Ta uku haya: ɗalibai uku ko huɗu su haɗa ɗaki a Lamorde, Karaje, Nogare ko Kirkisoye. Nan sai a kula da ruwa. Unguwannin bakin kogi ne, a damanar 2020 madatsar Lamorde ta ɓalle, gidaje da yawa suka nutse. A dubi alamar ruwa a jikin bango, a tambayi maƙwabta, kada a tsaya ga maganar mai gida. A tambaya kuma ko mitar kuran ta ɗaki ce ko ta gidan duka, don rabon fatir shi ke haɗa faɗa.

Resto na jami'a da tikiti ake ci, kuɗinsa kaɗan ne ƙwarai don gwamnati ta ɗauki mafi yawa. Araha ba ta ado dai: layi ne mai tsawo, wanda kur ɗinsa ya kai ƙarfe ɗaya yana iya iske tukunya ta ƙare, kuma lokacin hutu ko in kayan abinci sun yanke ana rufewa. A haɗa wa yaro garin rogo, ƙuli-ƙuli, gero, sukari, da ɗan risho.

Bursu kuwa, a ɗauke ta kamar ruwan sama. Ba kowa ke samu ba, makin bak da shekarun yaro ake dubawa, wanda bai samu ba sai ya nemi taimakon da ake ba marasa bursu. Wanda ya samu ma wata uku-uku ake biya, kuma jinkiri ba baƙon abu ba ne, ta farko ce ma ta fi daɗewa. To gida ya shirya ɗaukar yaro wata shida na farko ba tare da an sa ran dala ɗaya daga ANAB ba. Kuma kuɗin a riƙa aikawa kaɗan-kaɗan duk sati biyu, kada a damƙa ma ɗan shekara 19 jika ɗari a hannu guda.

Gidan sauro da maganin zazzaɓi su shiga jaka kafin tufafi. Bakin kogi ne.

Mai Alli, Yamai

Mushe, ka yi mini afuwa, ka nuna wa Alhaji rumfa ba ka nuna mishi rana ba. Farfesoshin suna nan, gaskiya ne, amma ɗan shekarar farko ba ya samun su yadda ake zato. Daga nesa yake hango su.

In dambu ya yi yawa ba ya jin mai. A shari'a, tattalin arziki da adabi, ajin farko ɗaruruwa ne, wani ya haura dubu. Amfi, wato babban zauren darasi, mai kujera 1000 yakan cika har a zauna bisa matakala da bakin taga. Wanda ya zo ƙarfe 8 daidai ya makara, wurin gaba tun da sassafe ake kama shi da littafi. Daga layi na ashirin zuwa baya allo ba ya karantuwa, in kuran ya ɗauke makirfo ya mutu, a watan Afrilu da zafi ya wuce 40, to sai dai a ce an halarta. Yaron da ya saba da lise, inda mushe ya san sunansa, yana kiran suna kowace safiya, yana aika wa uba takarda, nan ba mai tambayar shi. Ya yi wata bai zo ba, babu wanda zai sani sai ranar da aka liƙa sakamako.

Faɗuwar shekarar farko kusan hanya ɗaya take bi. Yaro ya daina zuwa kur don ya ji ana sayar da polikopi, wato darasin a buge a takarda. Ya tara su bai karanta ba. Ya raina TD, wato darasin gwajin aiki, alhali nan ne ake raba aji ƙungiya-ƙungiya, nan ake yin irin tambayoyin da ke fitowa, nan kaɗai ake iya ɗaga hannu. Sai a sa ranar jarrabawa, darussa takwas ko goma cikin sati guda, ya kwana uku yana hadda. A shari'a hadda ba ta fisshe ka: ana son ka san yadda ake gina disertasiyo, wato tsararren rubutun amsa, da sharhin hukunci, kashi biyu, kowane da rassa biyu. Mai ilimi da bai bi tsarin ba 6 ko 7 yake samu. A kimiyya kuma TP, wato aikin hannu a labo, ne matsala, kayan labo kaɗan, ɗalibai da yawa, mutum shida a kan na'ura ɗaya, ɗaya na taɓawa biyar na kallo. Rashin zuwa TP kuwa yana iya hana a ba ka darasin gaba ɗaya.

Sannan Faransanci. Ko da kundin mulki na 2025 ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, karatun jami'a da Faransanci ake yin shi, kuma malami ba ya tsayawa ya yi shifta. Yaron da ba ya iya saurare yana taƙaitawa a lokaci guda, ya fara koyo tun wannan hutun, da labaran rediyo ma ana yi.

Maganar shekara 3 ta koma 5, ba ƙarya ba ce, kuma ba kullum laifin yaro ba ne. Dalilai uku ke haɗuwa. Yajin aikin malamai na SNECS, kamar na 2019 kan ko zaɓen shugabannin jami'a za a yi ko naɗa su. Yajin ɗalibai na USN kan bursu, abinci da motoci. Da kuma gyaran takardu: malami ɗaya da takarda dubu, sakamako ya yi wata biyu ko uku bai fito ba, ba a yin ratirapaj sai ya fito, ba a buɗe sabuwar shekara sai an gama ratirapaj. Haka shekaru ke hawa kan juna, sababbin masu bak su zauna gida suna jiran na gabansu su tashi daga amfi. Tsangayoyi ba ɗaya suke ba a nan, wata tana kan lokaci wata tana baya. Kafin rajista a tambayi ɗaliban sashen abu ɗaya: wace shekarar karatu kuke ciki yanzu, kuma yaushe kuka fara ta? Amsar ta fi duk wata sanarwa.

Abin da ke tsirar da yaro ba asiri ba ne. Ƙungiyar bita ta mutum huɗu ko biyar, ba ta abokan shayi ba. Tsofaffin tambayoyin shekara uku da suka wuce, suna wajen na gaba da shi da masu fotokofi. Lambar delege na aji, don canjin lokaci da na ɗaki ta WhatsApp yake zuwa. Ya ajiye kowane rasit da katin ɗalibi a leda, ya ɗauki hoton jerin sakamako duk lokacin da aka liƙa. A taro irin wannan maki yakan ɓace ko a rubuta wa mutum bai zo ba alhali ya zo, kuma kwanakin kai ƙorafi kaɗan ne. Shi ya sa sa hannu a takardar halarta ranar jarrabawa ba abin wasa ba ne, ita ce shaidarsa. Wanda ya tafi Tawa hutu kafin sakamako ya fito, kilomita sama da 500, kafin ya dawo an rufe.

Harkar ƙungiyar ɗalibai kuma, a gaya wa yaro gaskiya. Tana da tarihi, ɗaliban da aka harbe a gadar Kenedi ranar 9 ga Fabrairu 1990 suna cikin abin da ya kai ƙasar ga taron ƙasa na 1991, kuma da yawa cikin masu iya magana a bainar jama'a a dandalin AB, filin taron ɗalibai na jami'ar, suka koya. Amma ɗan shekarar farko ya fara samun kiredinsa 60 tukuna.

Ɗan Adar, Tawa

Na gode ƙwarai, Mushe, Hajiya, Malam. Na yaron na gane. Ɗiyar fa? In ta yi shari'a nan Tawa, diplom ɗinta zai yi daraja ɗaya da na Yamai wajen neman aiki? Wani kuma ya ce mu sa ta makarantar kuɗi kawai mu huta.

Mushen Lise, Yamai

Alhaji, lisans ta jami'ar gwamnati lisans ce, ta Tawa ko ta Yamai, a konkur, wato jarrabawar gasa, na shiga aikin gwamnati ba a tambayar garin da aka yi ta. Tawa tana da tsangayar shari'a, tattalin arziki da gudanarwa, kuma abin da Mai Alli ya lissafa game da amfi, ban musa ko ɗaya ba, a shari'a ya fi tsanani. A ganina ta yi lisans a gida, tana ci tana kwana a ɗakin uwarta, kuɗin haya da na mota a tara mata su don mastar a Yamai. A mastar aji ya ragu zuwa gomomi, malami ya san fuskarta, lokacin ne kusanci da farfesoshi ke da amfani. Kuma in alƙalanci ko lauya take nufi, lisans kaɗai ba ta isa, sai ta ƙara sama, sannan konkur. Wuraren istaj na wannan mataki, manyan kotuna, ofisoshin lauyoyi da notaye, ma'aikatun ministoci, Yamai suke.

Sharaɗi ɗaya: shiga mastar zaɓe ake yi bisa dosiye. Ana duba makin zango shida, da ko a zaman farko aka samu ko sai da ratirapaj, da ko an maimaita aji. Mai 10 cif-cif da ta zo daga wata jami'a tana bayan layi. To ta riƙe 12 zuwa sama tun zangon farko, kuma ta karɓi releve na kowace shekara da zarar ya fito, kada ta bari sai ƙarshe. Yajin SNECS kuwa na ƙasa ne, in an shiga, Tawa ma tsayawa take yi, bambancin kawai tana gida ba a bakin titi ba.

Akwai kuma IUT ta Tawa, cibiyar koyon fasaha ta jami'ar, shekara 2 a samu diplom ɗin DUT a fannonin gudanarwa, kasuwanci ko otal da yawon buɗe ido, aji ƙarami, ana kiran suna, istaj dole ne. Ba shari'a ba ce, amma a nuna mata.

Makarantar kuɗi tana sayar da abu ɗaya da gwamnati ta kasa bayarwa: kalanda. A shiga Oktoba a fita Yuli. Malamanta da yawa ma na jami'ar gwamnati ne ke zuwa da yamma. Kafin a biya ko dala, a nemi ganin takardar izinin buɗewa daga ma'aikatar ilimi mai zurfi, da izinin wannan fannin kansa, don makaranta na iya samun izini a kontabilite ta buɗe shari'a ba izini. A tambaya ko CAMES ta amince da diplom ɗin, a ga takardar da ido. In BTS ne, wato diplom ɗin sana'a na shekara 2 bayan bak, a tabbata na gwamnati ake zanawa, ba na makarantar kaɗai ba. A kuma sa su rubuta kuɗin shekara ukun duka, har da na rajista, na jarrabawa da na sutnans, wato kare aikin ƙarshe gaban malamai, don na shekarar farko kawai suke faɗa a baki.

Hajiyar Harobanda

Ƙari kaɗan kan yaron, Alhaji. In likitancin ya samu, ɗaki a Harobanda ya zama dole, ba gidan dangi a ƙetare ba, don in aka fara gadin dare a asibiti ba ya samun mota ƙarfe biyar na asuba. A sa keke ko tsohuwar moto a lissafi daga shekara ta biyu, da farar riga biyu, da abin auna bugun zuciya. Kuma ya iso Yamai da kwana goma kafin a fara kur, ya bi layukan rajista da na CROU tun ba su yi tsawo ba.